Shin daidai ne a ce wa yara kaza jikar dainoso ce?

MalamaBilki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata, kuma wani gidan rediyo na garinmu ya ba ni minti 15 a shirin yara in yi bayanin alaƙar tsuntsaye da dainoso, wato dabbobin nan na zamanin da can da ake tono ƙasusuwansu. Mai gabatar da shirin yana so mu buɗe da cewa "kazar gidanku jikar T. rex ce" (T. rex wani ƙaton dainoso ne mai cin nama), wai shi ne zai sa yara su bar wasa su kasa kunne. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da maganar ba. Na san tsuntsaye daga cikin dainoso suka fito, amma wannan jimlar kamar ta wuce gona da iri. In kuma na ce zan jero sunayen nan masu karya harshe, kafin in kai rabi an murɗa tasha. Don Allah masu ilimin abin da masu aikin jarida, yaya ake gajarta magana irin wannan ba tare da an ɗora yara a kan abin da ba haka yake ba?

Abba_Fagge:
Wa alaikumus salam Malama. Ni dai ban ga laifin jimlar ba. Yaro ɗan shekara goma ba jarrabawar jami'a zai zauna ba. In ya riƙe cewa akwai dangantaka tsakanin kaza da dainoso, ai an ci riba. In ya girma sai a gyara masa.

Kasusuwa110:
Malam Abba, da wuya a gyara daga baya, domin abin da yaro ya fara ji shi ne ke zama. Kuma jimlar ba gajartawa ba ce, kuskure ce. T. rex ya rayu ne daga kimanin shekara miliyan 68 zuwa miliyan 66 da suka wuce, a yammacin Arewacin Amurka. Shi kuwa Archaeopteryx, wanda galibin masana ke sanyawa a gindin reshen tsuntsaye, ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce a yankin da yanzu yake kudancin Jamus. Wato tsuntsaye sun riga T. rex zuwa duniya da sama da shekara miliyan 80. Ta yaya wanda ya zo daga baya zai zama kaka?

Abin da ke tsakaninsu irin na 'yan maza zar ne: kaka ɗaya can baya, kowa da ɗakinsu. Zuriyar T. rex da zuriyar tsuntsaye sun rabu tun fiye da shekara miliyan 160. Yaran Hausa sun san bambancin kakanka da ɗan wan babanka, saboda haka wannan ba zai yi musu nauyi ba, kuma ba zai ci ko minti ɗaya ba.

Abu na biyu, kaza ba ta fi sauran tsuntsaye kusanci da T. rex ba. Ungulu, shamuwa, jimina, kurciya, duk nisansu da shi ɗaya ne, tunda duk tsuntsayen da ke raye yau tushensu ɗaya.

HajiyaMaiKaji:
To in haka ne, daga ina aka samo zancen kaza musamman? Na sha ganinsa a Facebook, har da hoton zakara an sa masa haƙora.

Kasusuwa110:
Hajiya, asalinsa wani bincike ne na 2007. Mary Schweitzer da abokan aikinta sun ce sun gano guntayen sinadarin furotin a cikin ƙashin cinyar wani T. rex da aka haƙo a jihar Montana ta Amurka. Da suka gwada da na dabbobin da aka riga aka tattara bayanansu, sai ya fi kama da na kaza. Amma a lokacin tsuntsaye kaɗan ne aka tattara bayanan furotin ɗinsu, kaza ce a gaba saboda ita aka fi nazari. Wasu masanan ma sun yi ja a kan ko guntayen na T. rex ɗin ne ko wani abu ne ya gauraya a ɗakin gwaji. Jaridu suka ɗauki kazar, suka bar sauran bayanin.

HajiyaMaiKaji:
Na gode ɗana. Ni ba 'yar boko mai zurfi ba ce, amma na daɗe ina kiwon kaji da zabi. Shawarata ga Malama, ki fara da abin da yaran ke gani kullum. Kowace yarinya ta taɓa fige kaza. Ki ce su dubi ƙafarta: yatsu uku a gaba da farata, ɗaya a baya, da fata mai ɓawo-ɓawo. Su buɗe ƙundu su ga tsakuwar da ke ciki. Su karya ƙashin fiffike su ga cikinsa rami ne. In an ce musu an samu irin waɗannan a jikin dainoso, za su fi yarda da abin da hannunsu ya taɓa.

Kasusuwa110:
Wallahi Hajiya kin kawo darasin gaba ɗaya. Ki ƙara da ƙashin nan mai reshe biyu da ke saman ƙirjin kaza. Labarinsa yana da daɗi. Tun 1868 Thomas Huxley a Ingila ya lura cewa ƙasusuwan ƙananan dainoso suna kama da na tsuntsaye. A 1926 wani ɗan Denmak, Gerhard Heilmann, ya yarda kamar tana da yawa, amma ya ce ba zai yiwu tsuntsaye su fito daga dainoso ba tunda a saninsa dainoso ba su da wannan ƙashin. Maganarsa ta yi tasiri shekara wajen arba'in, har sai da John Ostrom ya haƙo Deinonychus, wani dainoso mai cin nama da ƙasusuwansa ke kama da na tsuntsu, a Montana a 1964, ya sake tayar da zancen. Daga baya aka riƙa gano ƙashin a jikin dainoso masu cin nama ɗaya bayan ɗaya, har da T. rex kansa. Tsakuwar ƙundu ma an same ta a cikin wani mai suna Caudipteryx a Sin. Har kwanci a kan ƙwai: a Mongoliya an haƙo wani dainoso zaune a kan sheƙarsa, ya baza hannuwa ya rufe ƙwan yadda kazarki ke yi.

DanAgadas:
Salamu alaikum. Ina karanta ku daga Nijar, kuma abin da ke ci mini rai shi ne duk lokacin da aka tashi zancen dainoso sai a tafi Amurka da Sin, alhali ga su a bayan gidanmu. Gadufawa, cikin Tenere kudu maso gabas da Agadas, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina a Afirka yawan ƙasusuwan dainoso. Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aiki a can a 1965, shi ne ya raɗa wa Ouranosaurus nigeriensis suna a 1976, kuma ƙwarangwal ɗinsa yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo da tawagarsa, suka fito da Suchomimus, mai dogon baki irin na kada, mai cin kifi, tsawonsa wajen mita 11. Ga kuma Nigersaurus, wanda aka yi wa suna a 1999, mai haƙora sama da 500, bakinsa faffaɗa, yana kiwo da kai a ƙasa. Duk sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da dazuzzuka.

Malama, yaron Kano ko Katsina ko Maraɗi in ya ji cewa abin nan a ƙasar maƙwabta yake, inda mota ke zuwa, ba zai ɗauke shi tatsuniyar Turawa ba. Kuma wannan ƙashin ƙirji da @Kasusuwa110 ya faɗa, an same shi a jikin Suchomimus namu.

MalamaBilki:
Masha Allah, wannan ban san shi ba, kuma lallai zai shiga shirin. Amma ka ga wata matsalar ke nan. In na ce Nigersaurus dainoso ne, tsuntsu ma dainoso ne, yara za su ɗauka wannan ƙaton mai dogon wuya shi ne ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama tsuntsu.

Kasusuwa110:
Shi ya sa ba za ki tsallake maganar rassa ba. Dainoso manyan gidaje uku ne. Akwai masu dogon wuya masu cin ganye irin su Nigersaurus da Jobaria na wajen Ingal. Akwai wani gidan masu cin ganye, inda Ouranosaurus da Triceratops suke. Sai masu tafiya da ƙafa biyu, galibinsu masu cin nama, irin su Suchomimus da T. rex da Velociraptor. Daga wani ƙaramin reshe na gida na uku tsuntsaye suka fito. A cikin na Nijar ɗin nan, Suchomimus ne ya fi kusa da tsuntsaye, shi ma daga nesa.

Akwai wani abu da ya kamata malamai su sani ko da ba za su faɗa a rediyo ba. Gidan su Ouranosaurus ƙashin ƙugunsu ya karkata baya kamar na tsuntsu, har da wannan siffar aka ware su tun ƙarshen shekarun 1880, amma ba daga cikinsu tsuntsaye suka fito ba. Siffar ta bayyana sau biyu ne daban-daban. Kama ɗaya tak ba ta isa hujjar dangantaka ba, sai an tara siffofi da yawa an ga inda suka fi rinjaye.

Abu_Ammar:
Ina neman afuwa zan ɗan karkatar da zancen. Malama, kin yi tunanin abin da iyaye za su ce? Wannan fa ra'ayin Darwin ne, kuma kowa ya san inda yake ƙarewa, wato a ce mutum daga biri yake. Yau a ce wa yaro tsuntsu daga dainoso, gobe shi da kansa zai ƙarasa lissafin. Mu mun yi imani Allah ne Ya halicci kowane abu. Ban ga dalilin kai wannan gidan rediyo cikin shirin yara ba.

MalamNaIslamiyya:
Malam Abu Ammar, Allah Ya saka da alheri a kan kishin. Ni a fahimtata, halittar Annabi Adamu, alaihis salam, nassi ya zo da ita a fili, babu mai taɓa wannan. Amma yadda tsuntsaye da sauran dabbobi suka kasance, da tsawon zamanin da abin ya ɗauka, ba a yi mana dalla-dalla ba. A Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Ya fara halitta. Wanda ya je Gadufawa ya tono ƙashi, dubawa yake yi. Ƙasusuwan nan suna nan, yaranmu za su gan su a waya ko mun so ko ba mu so ba. Gara su fara ji daga bakin malama mai tsoron Allah.

Abu_Ammar:
Allah gafarta Malam, ban musa ƙasusuwa ba. Fassarar da ake yi musu ce abin tsoro. Ganin ƙashi daban, cewa wannan ya rikiɗa ya zama wancan daban.

Yar_Damagaram:
Ina girmama malamai biyun, amma ina da ja a kan kowanne. Kada mu riƙa ɗauko aya muna buga ta a kan binciken kimiyya kamar hatimi, domin bincike yana canzawa, aya ba ta canzawa. Kuma kada Malama ta ɓoye wa yara cewa masana bayoloji suna amfani da wannan bayanin a kan dukkan masu rai. In yaro ya bugo waya ya tambaya, ta ce masa ga abin da masana kimiyya suka ce, ga hujjar da suka dogara da ita, maganar aƙida kuma ga malamanta. Ranar da yaro ya gano an rufe masa wani abu, daga ranar ya daina yarda da mu a kan komai.

Sannan Malam Abu Ammar, babu masanin da ya ce wata dabba ta kwana dainoso ta tashi tsuntsu. Ana maganar ɗan bambanci ne tsakanin iyaye da 'ya'ya da ke taruwa cikin miliyoyin shekaru.

Sani_Gwammaja:
Ni tambayata mai sauƙi ce. Ai akwai dainoso masu tashi sama, waɗanda ake nunawa a fim da dogon baki da fiffike kamar na jemage. Ba su ne suka zama tsuntsaye ba?

DutsenGoronyo:
A'a Malam Sani, waɗannan ba dainoso ba ne ma. Dangi ne na kusa, amma gidansu daban. Fiffikensu fata ce da ta miƙe daga wani dogon yatsa guda, na tsuntsu kuwa gashi ne ya tsiro a hannu. Sun fara tashi tun kafin tsuntsaye da dogon lokaci, suka ƙare ba su bar zuriya ba.

Haka ma na cikin ruwa. Ni ɗan Sakkwato ne, na karanci ilimin duwatsu. A yankinmu an samu ƙasusuwan wata dabbar teku da aka sa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce teku ya ratso ta Sahara ya rufe yankin Sakkwato da yammacin Nijar. Mutane da yawa suna ce mata dainoson Sakkwato, alhali ita dangin damo da guza da macizai ce. Sarcosuchus na Gadufawa shi kuma dangin kada ne. Malama, in kin samu daƙiƙa talatin ki faɗi wannan: ba duk ƙatuwar dabbar da ta shuɗe ba ce dainoso.

Abba_Fagge:
Kun gani ko? Minti 15 aka ba ta, kun riga kun tara mata darasin zango guda. Wannan shi ne abin da na faɗa tun farko. Mai son ya faɗi komai ba ya isar da komai.

Wakiliya_FM:
Malam Abba yana da gaskiya a nan. Na yi shekaru ina shirya shirye-shiryen rediyo, kuma mai sauraro ba ya riƙe fiye da abu biyu ko uku. Amma akwai bambanci tsakanin ka bar wani bayani a gefe da ka faɗi abin da ba haka ba. Barin zancen ƙugu da na Goronyosaurus ba laifi ba ne, yaron zai tarar da su gaba, kuma ba za su ci karo da abin da ya ji ba. Jikar T. rex kuwa sai an tumɓuke ta kafin a dasa daidai. Ni da wannan nake auna kowace jimla: in yaron ya ƙaro ilimi, zai ɗora a kanta ne ko sai ya rushe ta?

Abin da na fi jin tsoro shi ne hoton jeri, wanda ake zana ƙaton dainoso a hagu, ana rage shi kaɗan-kaɗan har a kai ga tantabara a dama. Yana sa mutum ya ɗauka tun farko tsuntsu aka nufa.

Kasusuwa110:
Sosai kuwa. Ƙasusuwan Sin sun rushe wannan jerin. A 1996 wani manomi a lardin Liaoning ya samo Sinosauropteryx, ɗan ƙaramin dainoso da jikinsa ke lulluɓe da gashi mai laushi, kuma hannuwansa gajeru ne, ba ya tashi. Ke nan gashi ya riga tashi sama. Ana ganin amfaninsa na farko ɗumama jiki ne, ko ado, ko rufe ƙwai. A 2003 aka bayyana wani Microraptor mai dogayen gashi a hannu da ƙafa, fiffike huɗu ke nan. A 2015 aka bayyana wani mai suna Yi qi, wanda fiffikensa na fata ne. Rassa da yawa sun gwada shiga iska ta hanyoyi daban-daban, ɗaya ne kawai ya kai yau.

Shi kansa Archaeopteryx, wanda aka samu ƙwarangwal ɗinsa a 1861, girmansa kamar hankaka, yana da fiffike sosai, amma da haƙora a baki, da doguwar wutsiya mai ƙashi, da farata uku a kowane fiffike. Har yau masana suna ja-in-ja a kan inda za a ja layi a ce daga nan tsuntsu ya fara.

Ummi_BUK:
Wato duk dainoso gashi ne da su? Na ga wani zane na T. rex kamar ƙaton zakara.

Kasusuwa110:
A'a ƙanwata, wannan gyara ne da ya zarce. Da can ana zana su duka tsirara kamar ƙadangaru, yanzu wasu sun koma lulluɓe kowa da gashi. Velociraptor tabbas yana da shi: a 2007 an ga tabon da gashin fiffike ke kamawa a ƙashin hannunsa. Kuma nauyinsa bai wuce kilo 15 ko makamancin haka ba, ba ƙaton da fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya nuna ba. Yutyrannus, ɗan uwan T. rex mai tsawon mita 9 da aka bayyana a 2012, shi ma da gashinsa. Amma guntayen tambarin fatar T. rex kansa da aka samu masu ɓawo-ɓawo ne, kuma guntaye ne ƙanana, ba su nuna duk jiki ba. Masu dogon wuya kuwa, abin da aka samu na fatarsu babu gashi. Amsar gaskiya ita ce wasu suna da shi, wasu ba su da shi, wasu ba a samu fatarsu ba tukuna.

Injiniya_Tukur:
Ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne shekarun. Miliyan 150, miliyan 66, wa ya ƙirga? Kuma na karanta cewa akwai manyan masana da ba su yarda tsuntsaye daga dainoso suke ba. In haka ne, adalci shi ne Malama ta kawo ɓangare biyu.

DutsenGoronyo:
Injiniya, ba ƙashin ake aunawa ba, duwatsun da ke sama da ƙasa da shi ake aunawa. In dutse mai aman wuta ya watsa toka, akwai ƙananan ƙwayoyi a ciki masu ɗauke da yuraniyam, wanda ke rikiɗewa ya zama darma a kan wani ƙayyadadden sauri da aka sani. In aka auna yawan kowanne, sai a fitar da shekarun. Ƙashin da ke tsakanin shimfiɗar toka biyu, shekarunsa na tsakanin nasu. Inda babu toka sai a kwatanta da wasu wuraren, kuma a nan ne ake samun gyara. Jobaria na Nijar da farko an ba shi kimanin shekara miliyan 135, a 2009 wasu masana suka sake duba duwatsun suka ce ya haura miliyan 160. Shi ya sa kalmar "kimanin" take da muhimmanci, kada a yar da ita don neman gajartawa.

Kasusuwa110:
Game da masu ja, gaskiya ne akwai su, fitaccensu Alan Feduccia, masanin tsuntsaye a Amurka. Hujjojinsu biyu sun yi ƙarfi a da. Ta farko, dainoso masu kama da tsuntsu da aka sani duk sun zo bayan Archaeopteryx. Wannan ta raunana da aka samu Anchiornis a Sin, mai gashi har ƙafa, wanda ya riga Archaeopteryx da kimanin shekara miliyan 10. Ta biyu, yatsu uku na hannun dainoso sun yi kama da na ɗaya, na biyu da na uku, amma a ɗan tayin tsuntsu cikin ƙwai kamar daga gurbin na biyu, na uku da na huɗu suke tsirowa. An kawo bayanai a kan wannan, ana kuma ci gaba da nazari.

Amma Injiniya, raba lokaci biyu daidai ba adalci ba ne a nan, domin masu wannan ra'ayin 'yan kaɗan ne ƙwarai. In Malama ta ba su rabin shiri, yara za su ɗauka masana sun rabu gida biyu, kuma ba haka ba ne. Inda ake da saɓani na gaske shi ne yadda tashi ya fara, daga bishiya aka riƙa sauka ko daga ƙasa aka riƙa hawa, da kuma sau nawa gashi ya bayyana.

Injiniya_Tukur:
Bayanin toka ya shige ni. Na yatsu kuwa ina nan da shakkata, tunda kai ma ka ce ana kan nazari.

HajiyaMaiKaji:
Ni kuma abin da jikokina za su tambaya shi ne, in dutse ya faɗo daga sama ya kashe dainoso, yaya aka yi tsuntsaye suka tsira?

Yar_Damagaram:
Hajiya, yawancinsu ma ba su tsira ba. Dutsen, mai faɗin kusan kilomita 10, ya faɗa yankin Yukatan na Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ɓace. A lokacin akwai wani babban gidan tsuntsaye, yawancinsu masu haƙora da farata a fiffike, su ne ma suka fi yawa, kuma sun ƙare kakaf. 'Yan kaɗan marasa haƙora ne suka haye. Wasu masana suna ganin cin tsaba ne ya cece su, tunda tsaba tana daɗewa a ƙasa ko babu ganye. Wasu suna ganin zaman ƙasa ne, tunda dazuzzuka sun ƙone. Duk hasashe ne mai hujja, ba a rufe babin ba. Daga waɗannan 'yan kaɗan aka samu nau'i sama da 10,000 na yau. Kuma a 2020 an bayyana wani ƙoƙon kai daga Beljiyam, Asteriornis, wanda ya rayu dab da faɗowar dutsen, siffarsa ta haɗa ta dangin kaji da ta dangin agwagi.

MalamaBilki:
Allah Ya saka wa kowa. Ga abin da na tsara a matsayin buɗewa, ku duba mini: "Dainoso gidaje ne da yawa, wasunsu ma a Nijar aka tono su. Daga wani ƙaramin reshe na masu ƙafa biyu, masu gashi, tsuntsaye suka fito tun kimanin shekara miliyan 150. T. rex ba kakan kaza ba ne, ɗan uwa ne na nesa. Sauran gidajen duk sun ƙare, saura tsuntsaye." Daga nan sai ƙafar kaza da ƙashin ƙirji na Hajiya, sai Suchomimus, sai tambayoyi.

Abba_Fagge:
Daidai ne, amma ba shi da armashi. Jimla huɗu kafin a kai ga abin mamaki. Ni da ni ne sai in ce "dainoso ba su ƙare ba, ɗaya na cara a bayan ɗakinku", sannan bayani ya biyo.

Wakiliya_FM:
Wannan ta Malam Abba ta ci jarrabawata, domin a tsarin masana tsuntsu dainoso ne, kamar yadda jemage yake cikin masu shayarwa duk da yana tashi. Sai dai ki cire ambaton jikar T. rex ko da don ki ƙaryata ne. A rediyo in ka faɗi kuskure don ka gyara, rabin masu sauraro kuskuren suke riƙewa.

Kasusuwa110:
Ban yarda a cire ba. Yaran sun riga sun gani a waya, in ba a ambata ba zai zauna yadda yake.

Abu_Ammar:
Ni dai ina kan bakata, amma in za a yi, a riƙa cewa "masana kimiyya sun ce" a kowace gaɓa, kada a faɗe shi kamar wahayi.

DanAgadas:
Ki roƙi mai shirin ya ƙara miki mako na biyu don Nijar kaɗai. Nigersaurus ma yana da abin da ya haɗa shi da tsuntsaye duk da gidansu daban: ƙasusuwan bayansa cike suke da ramukan iska, irin waɗanda jakunkunan numfashi ke shiga a jikin tsuntsu.

Ummi_BUK:
To kada fa? Shi ai ya fi kowa kama da dainoso a ido.

Kasusuwa110:
Kada ba dainoso ba ne, amma a cikin dabbobin da ke raye shi ne mafi kusa da tsuntsaye, ya ma fi kusa da su a kan ƙadangare. Yana gina sheƙa, yana gadin ƙwai, 'ya'yansa suna kuka tun suna cikin ƙwai. A 2010 an gano cewa iska tana bin hanya ɗaya a huhun dangin kada na Amurka kamar yadda take yi a na tsuntsu, abin da a da ake ɗauka tsuntsaye kaɗai ke da shi. Bayan 'yan shekaru aka gano haka a huhun damo, irin wanda muke da shi a nan, shi kuma nesa yake da su duka biyun, don haka yanzu ana binciken ko siffar ta girmi dainoso ɗin kansu.